Kujera da Lissafi: Yadda Mata Suka Shiga Majalisun Manyan Kamfanoni

Duk kamfanin da jama'a da dama suka haɗa masa jari yana da majalisar gudanarwa. Mutanen wannan majalisa ba su da yawa. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ƙayyade su daga 3 zuwa 12 ga yawancin kamfanonin hannun jari. Amma su ne ke naɗa babban darakta, su yanke masa albashi, su tsige shi in ta kama, kuma su ne ke duba lissafin shekara kafin a gabatar da shi ga masu dukiyar. Tun da aka ƙirƙiro irin wannan majalisa, tambayoyi biyu ke biye da ita. Ta farko, wa ya cancanci zama a kan kujerunta? Ta biyu, wa ke da ikon ganin abin da ake ƙullawa a cikinta? An daɗe ana ɗaukar tambayoyin nan kamar ba ruwan ɗaya da ɗaya: ta farko a bar wa ƙungiyoyin mata, ta biyu a bar wa masu binciken kuɗi. Tarihin shekaru 400 da suka gabata ya nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ɗakin da aka rufe

A shekarar 1602 ƴan kasuwar Holan suka kafa babban kamfanin fatauci da ƙasashen gabashin Asiya, wanda ake yi wa laƙabi da VOC, suka sayar da hannayen jarinsa ga duk mai so. Ragamar kamfanin tana hannun wata majalisa da ake kira Dattawa Goma Sha Bakwai, dukkansu maza, daga manyan gidajen fatake na Amstadam da wasu biranen bakin teku. Takardar kafa kamfanin ta yi alkawarin cewa bayan shekara 10 za a yi cikakken lissafi, kowa ya san inda kuɗinsa suka kwana. Da shekarar 1612 ta zo, dattawan suka ƙi, hukumar ƙasa kuma ta goya masu baya. Sai a 1622 masu jari suka harzuƙa, suka riƙa buga takardun ƙorafi suna zargin shugabannin da azurta kansu a ɓoye, har aka tilasta a 1623 aka ba wasu wakilan masu jari damar duba littattafan kuɗi. Ke nan rikicin ɓoye lissafi tare aka haife shi da kamfanin hannun jari.

Ƙarnuka uku da suka biyo baya an yi ta jan zare tsakanin masu kujera da masu jari. Dokar Ingila ta 1844 ta wajabta rajistar kamfanoni da gabatar da lissafi. Ta 1900 ta wajabta mai binciken kuɗi. A Amurka sai da kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, miliyoyin mutane suka tsiyace, kana aka yi dokokin 1933 da 1934 waɗanda suka tilasta wa kamfanoni bayyana halin da suke ciki, aka kuma kafa hukumar sa ido. Kusan kowace doka ta biyo bayan wata asara ce; sai bango ya tsage ake neman magini.

Duk wannan lokaci ba a taɓa maganar mata ba, domin doka da al'ada sun riga sun rufe masu ƙofa tun daga waje. A Faransa, matar aure ba ta samu cikakken ikon buɗe ajiya a banki ko kama aiki ba tare da izinin mijinta ba sai da dokar 13 ga Yuli 1965, kuma sai a 1967 aka bar mata su shiga zauren kasuwar hannun jari ta Paris. A shekarar ce Muriel Siebert ta zama mace ta farko mai kujera a kasuwar New York. Ta Landan kuwa ba ta karɓi mata ba sai 1973. Ƴan kaɗan da suka kai kan kujerar shugabanci kafin nan, yawancinsu ta ƙofar gado da takaba suka shiga. Lettie Pate Whitehead, wadda ta zauna a majalisar Coca-Cola a 1934, ta riƙe masana'antar mijinta ne bayan rasuwarsa. Katharine Graham ta karɓi ragamar kamfanin jaridar Washington Post a 1963 da mijinta ya mutu, jaridar da mahaifinta ya saya tun 1933. Sun nuna ƙwazo wanda ba mai musu a kansa, amma hanyar da suka bi ba hanya ce da ɗiyar talaka mai ilimi za ta iya bi ba.

Abin da badaƙala ta tona

Daga ƙarshen ƙarni na 20, manyan kamfanoni suka riƙa faɗuwa ba zato. A Ingila, bayan mutuwar Robert Maxwell a 1991 aka gano ya wawure kuɗin fansho na ma'aikatansa. A shekarar ce kuma aka rufe bankin BCCI. Rahoton Cadbury na 1992 ya ba da shawarar a raba muƙamin shugaban majalisa da na babban darakta, a kuma sa mutanen da ba ma'aikatan kamfani ba cikin majalisa domin su sa ido. A Amurka kamfanin Enron ya durƙushe a watan Disamba 2001, WorldCom ya bi bayansa a 2002. A kamfanonin nan biyu mata sun ɗaga murya daga ciki: Sherron Watkins ta rubuta wa shugaban Enron takardar gargaɗi a watan Agusta 2001, Cynthia Cooper kuma da ƴan sashenta na bincike suka bankaɗo lissafin ƙarya na kusan miliyan dubu 4 na dalar Amurka a WorldCom. Ba ɗayansu da ke da kujera a majalisar gudanarwa.

Ba daidai ba ne a ɗauko daga nan cewa mace ta fi namiji gaskiya. Majalisar Enron kanta akwai mace a cikinta, ba ta hana abin da ya faru ba. Kuma a 2022 kotun Amurka ta sami Elizabeth Holmes, shugabar kamfanin Theranos, da laifin yaudarar masu jari. Darasin yana wani wuri, kuma rahoton da Derek Higgs ya miƙa wa gwamnatin Ingila a watan Janairu 2003 ya fito da shi fili. An tambayi daraktocin da aka ɗauko daga waje don su sa ido, ta yaya suka sami kujerunsu? Kusan rabinsu ta hanyar sanayya da abota ne. Kashi 4 cikin ɗari kaɗai aka yi wa tambayoyin ɗaukar aiki a hukumance, kashi 1 ne kawai suka samu ta hanyar sanarwa a jarida. Mata kuwa kashi 6 cikin ɗari ne na masu irin waɗannan kujeru. Alƙaluman nan bayanin abu ɗaya suke yi. Inda ake zaɓen mutum a wurin liyafa ko filin wasa, tsakanin waɗanda suka yi makaranta ɗaya, mace ba za ta shigo ba domin ba ta wurin. Wanda aka ɗauko kuma ba zai iya ɗaga wa wanda ya ɗauko shi yatsa ba. Rashin mata alama ce ta yadda ake zaɓe, kuma yadda ake zaɓen shi ne ke kashe sa ido.

Norwe ta karya ƙofa

Ƙasar da ta fara ɗaukar matakin doka ƙarama ce a arewacin Turai, mutanenta ba su kai miliyan 5 ba a lokacin. Norwe ta riga ta saba da rabon kujeru a siyasa: gwamnatin da Gro Harlem Brundtland ta kafa a 1986 tana da mata 8 cikin ministoci 18, kuma tun 1988 doka ta ce kowane jinsi ya sami aƙalla kashi 40 cikin ɗari a kwamitocin gwamnati. Amma majalisun kamfanoni sun tsaya cik. A 2002 mata ba su wuce kashi 6 cikin ɗari na kujerunsu ba.

Ranar 22 ga Fabrairu 2002 jaridar VG ta buga hira da ministan kasuwanci da masana'antu, Ansgar Gabrielsen, inda ya ce ya gaji da ƙungiyar tsofaffin abokai da ta mamaye kamfanoni, kuma in ba su gyara ba doka za ta gyara su. Abin ya ba kowa mamaki, domin mutumin ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne, wadda aka sani da kare ƴan kasuwa, kuma bai shawarci shugabannin jam'iyyarsa ba kafin ya yi maganar. Hujjarsa ma ta ɗan kasuwa ce: ƙasa ta kashe dukiya wajen ilmantar da ƴaƴanta mata daidai da maza, sa'an nan a bar rabin wannan ilimi a waje. Ƙungiyar masu masana'antu ta yi adawa, aka ce za a rasa ƙwararrun mata, aka ce masu jari za su gudu. Duk da haka, tare da ministar iyali Laila Dåvøy, aka kai dokar majalisa, aka amince da ita a ƙarshen 2003.

Yadda aka tsara dokar ya cancanci a lura da shi. Ba ta ambaci mata su kaɗai ba. Cewa ta yi kowane jinsi ya sami kimanin kashi 40 cikin ɗari. An fara ba kamfanoni wa'adi su cika da kansu, da sharaɗin in sun cika ba za a zartar da dokar ba. Da tsakiyar 2005 ta yi, an tsaya wajen kashi 16. Sai aka zartar da ita daga 1 ga Janairu 2006, aka ba tsofaffin kamfanoni shekara 2, kuma hukuncin wanda ya ƙi shi ne a rushe kamfanin baki ɗaya, kamar yadda ake yi wa wanda bai gabatar da lissafinsa ba ko bai naɗa mai bincike ba. Abin da ya sa hukuncin ya yi tasiri shi ne rajistar kamfanoni ta ƙasa da ke garin Brønnøysund, inda sunan kowane darakta yake a rubuce, kowa na iya dubawa. Ba a bukaci ɗan leƙen asiri ba; ƙirge kawai aka yi. A farkon 2008 aka aika wa kamfanoni 77 takardar gargaɗi, kafin watan Afrilu duk suka cika, ba a rushe ko ɗaya ba. Abin da lallashi ya kasa yi cikin shekaru masu yawa, doka da ƙirge a fili suka yi shi cikin 2.

Sakamakon bai zo yadda masu tsoro suka faɗa ba, bai kuma kai yadda masu buri suka so ba. Matan da aka naɗa, bisa matsakaici, sun fi mazan da suka tarar yawan karatu da ƙuruciya. Wani bincike na 2012 ya ce darajar kamfanonin ta faɗi saboda dokar. Wasu masana da suka sake bin alƙaluman daga baya ba su ga faɗuwar ba. Kamfanoni da dama sun sauya rajista zuwa nau'in da dokar ba ta shafa ba, ana kuma gardama kan ko nawa ne suka yi haka don gudun ta. Wasu mata ƙalilan sun tara kujeru masu yawa a hannunsu, har ƴan jarida suka yi masu laƙabi da masu zanen zinariya, ko da yake maza sun daɗe suna haka ba wanda ya raɗa masu suna. Babban abin da ya rage shi ne, binciken da Marianne Bertrand da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna ribar ta tsaya a saman bene: ba ta sauko sosai ga sauran mata ma'aikata ba, manyan daraktoci kuma suka ci gaba da zama maza. Norwe ba ta ja da baya ba. Daga 2024 ta fara faɗaɗa dokar zuwa dubban kamfanoni matsakaita, mataki mataki har 2028.

Faransa: daga kujera zuwa albashi

A Faransa sai da aka fara gyara tsarin mulki. A watan Maris 2006 kotun tsarin mulki ta soke wani yunƙuri na ware wa mata kaso a majalisun kamfanoni. Gyaran 23 ga Yuli 2008 ne ya buɗe hanya. Dokar 27 ga Janairu 2011, mai ɗauke da sunan Jean-François Copé da Marie-Jo Zimmermann, ta sa kashi 20 cikin ɗari zuwa 2014 da kashi 40 zuwa 2017. Hukuncinta ya taɓa aljihu: naɗin da ya saɓa wa ƙa'ida ba shi da inganci, kuma a dakatar da kuɗin zama na daraktoci har sai an gyara. Ƙasar da mata suke da ɗan abin da ya ɗara kashi 10 cikin ɗari na kujerun manyan kamfanoni a 2010 ta zarce kashi 45 a 2023, ta shige gaban sauran ƙasashen Tarayyar Turai.

Amma Faransawa sun ci karo da abin da Norwe ta gani. A ƙarshen 2022, cikin kamfanoni 40 mafi girma na kasuwar Paris, 3 kaɗai mata ke jagoranta: Catherine MacGregor a Engie, Christel Heydemann a Orange, da Estelle Brachlianoff a Veolia. Don haka aka juya ga makamin bayyanawa. Dokar 2018 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya buga makinsa kowace shekara, bisa 100, kan bambancin albashi da ƙarin girma tsakanin maza da mata. Wanda ya kasa samun 75 dole ya ɗauki matakin gyara. Dokar 24 ga Disamba 2021 kuma, ta Marie-Pierre Rixain, ta sauko daga majalisa zuwa manyan jami'an gudanarwa na kamfanoni masu ma'aikata 1000 ko fiye: su buga alƙalumansu a fili, su kai kashi 30 cikin ɗari a 2026, kashi 40 a 2029.

Wasu hanyoyi, wasu tuntuɓe

Ingila ta ƙi dokar tilas, ta zaɓi kunya. Rahoton Davies na 2011 ya sa burin kashi 25 cikin ɗari ga kamfanoni 100 mafi girma, waɗanda ke kan kashi 12 da rabi, aka riƙa buga jerin sunayensu kowace shekara daga na gaba zuwa na baya. A 2015 aka cim ma burin, ba kuma sauran majalisa ta maza zalla a cikinsu. Indiya ta nuna ɗaya fuskar: dokarta ta 2013 ta ce a sa aƙalla mace ɗaya, ba ta ce komai ba kan yadda za a zaɓe ta, sai masu kamfanoni da yawa suka naɗa matansu da ƴaƴansu ana gab da cikar wa'adi a 2015. An cika ƙa'ida, ɗakin kuma yana nan a rufe, har daga baya hukumar kasuwa ta ƙara sharaɗin cewa a manyan kamfanoni macen ta kasance ba ta da alaƙa da masu gidan. A Amurka ma an ga cewa abin da aka samu yana iya kuɓucewa: kotu ta soke dokar jihar Kalifoniya ta 2018 a 2022, kuma a watan Disamba 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar kasuwar Nasdaq wadda ta nemi kamfanoni su bayyana yadda majalisunsu suka kasu.

Tarayyar Turai ta shekara 10 tana jan ƙafa kan shawarar da Viviane Reding ta gabatar a 2012, sai a ƙarshen 2022 aka amince da ita, da wa'adin 30 ga Yuni 2026. An fi ambaton alƙalumanta, wato kashi 40 cikin ɗari na daraktocin sa ido ko kashi 33 na dukkan kujeru. Amma akwai sashen da ya fi su nauyi: kamfanin da bai kai ba dole ya tsara sharuɗɗan zaɓe a rubuce tun kafin ya fara neman mutum, kuma wanda aka ƙi ɗauka yana da haƙƙin a faɗa masa bisa wane ma'auni aka fifita wani a kansa. A nan tambayoyin nan biyu na farko suka haɗu cikin doka ɗaya.

Nijar da maƙwabta

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a Nijar, sai dai ta ƙofar siyasa ta shigo. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya taron ƙasa, aka ƙara masu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta 7 ga Yuni 2000, wadda ta girmi ta Norwe da shekara 3, ta ware kashi 10 cikin ɗari na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. Majalisar dokokin da ke da mace 1 cikin 83 a 1999 ta sami 14 cikin 113 a 2004. A 2019 aka ɗaga kason zuwa 25 da 30. Dokar ta tsaya ga zaɓe, gwamnati da ma'aikatun ƙasa, ba ta shiga kamfanoni masu zaman kansu ba. A Najeriya kuwa babban banki, zamanin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sa wa bankuna buri a 2012 na kashi 30 cikin ɗari a majalisunsu da kashi 40 a manyan muƙamai. Ba a cika shi kan lokaci ba, amma a 2021 mata suka hau shugabancin bankunan Fidelity, FCMB da GTBank, a 2024 kuma Zenith.

Akwai wani misali mafi kusa. A 1991, a jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, ta hannun wata ma'aikaciyarta ƴar Norwe, Moira Eknes, bisa tushen adashen da mata suka gada. Ƙa'idojinsa sanannu ne a karkara: mata su zaɓi shugaba da ma'aji da kansu, akwatin kuɗi yana da kwaɗo 3, makullan suna hannun mata 3 daban, ba a buɗe shi sai gaban taro, kuma a ƙirga kuɗin da babbar murya kowa na ji, domin da yawansu ba su yi karatun boko ba, kunnuwan jama'a su ne littafin lissafi. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ba banki ba ne, kuɗinsa kuma ba su kai na ƙaramin kamfani ba. Amma raba makulli, zaɓen shugabanni a fili da lissafi gaban masu dukiya su ne abubuwan da masu jarin Holan suka nema a 1622, su ne kuma rahoton Cadbury ya sake nema bayan shekara 370.

Saboda haka duk ƙungiyar da ke riƙe da dukiyar jama'a, kamfanin gwamnati ne, asusun ajiya da bashi ne, ƙungiyar malamai ce ko ta al'adu, ana iya auna ta da tambayoyin da wannan tarihi ya bari: mutum nawa ne a majalisarta, mata nawa ne a cikinsu, wa ya zaɓe su kuma bisa wane sharaɗi, shekara nawa suka yi a kan kujera, kuma yaushe rabon da a karanta lissafinta gaban membobi. Ƙungiyar da ke iya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, da wuya a tarar majalisarta ta maza ce zalla.